Khalti Dahabiya da Tsuntsun da Muka Ce Ba Ta Gani Ba

Khalti Dahabiya, wato Inna Dahabiya a harshenmu na nan, ba ta aiki da agogo, ruwa ne ke tashinta. Ranar da teku zai janye da safe, rana na fitowa za ta same ta a bayan akori-kura tare da matan ƙauyen Marsa Tarfa su ashirin da wani abu, kowacce ta naɗe kai da mayafi biyu, bokiti tsakanin ƙafafu, ɗan lauje a hannu. Ranar da sai azahar zai janye, ta samu ta gasa burodi, ta sha shayi a zaune kamar kowa. A bakin gaɓa mota ke sauke su, su ɗora safa a kan safa, su bi bayan ruwan cikin laka, tafiyar kusan awa guda, har gidajen ƙauye su koma ɗan farin layi a bayansu. A nan take sunkuyawa. Idonta na neman 'yan ramuka biyu dab da juna, alamar akwai ƙumba, 'yar halittar teku mai ɓawo da ake ci, a ƙasa tana numfashi. Ta soka lauje, ta ciro, ta jefa a bokiti, ta ƙara taku biyu. Awa biyar a haka, cikin sanyin hunturu mai hana yatsu lanƙwasuwa, sai ruwa ya juyo ya koro su. Shekara arba'in da ɗaya tana wannan aiki, bana ta ajiye lauje.

Ni malamin makaranta ne a Safakis, sunana Munji, kuma ni ne sakataren 'yar ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye. Duk hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da tsuntsayen ƙasashen ƙanƙara ke sauka a gaɓarmu, ni nake fitar da takardar mako: an ga tsuntsu kaza, a wuri kaza, ranar kaza, wane ne ya gani. Wannan "wane ne ya gani" shi ke fitar da mu daga bargo, kada wani ya ruɗe ku da zancen son halittun Allah kawai. Ina rubuta wannan jinjina raina a ɓace, kuma kafin in yi fushi da kowa, da kaina nake fushi.

Shekara goma sha tara da suka wuce na raba lambar wayata ga matan gaɓa, ko Allah zai sa wata ta ga wani abu. Ɗaya ce kawai ta kira.

"Kai ne malamin tsuntsaye? Kana da biro? Rubuta. Cikin masu bakin cokali akwai wanda ya sa munduwa a ƙafa, ja a sama, fara a ƙasa. Jiya ba ya nan."

Na je washegari, na same shi daidai inda ta ce. Na karanta zoben, na aika, aka amso mini cewa tun yana ɗan tsako aka sa masa shi a Holan. Takardar mako ta fito. Sunan wa ke kai? Nawa. Haka muka fara, haka kuma muka ci gaba. Kowace Litinin sai ta kira, da "Si" ɗinta na girmamawa, "Si Munji, kana da biro?" Ta faɗi wanda ya iso, da wanda ya tashi, da wanda ya makara bana. Mu ɗebi kyamarori mu je mu ɗauka, mu sa sunayenmu, mu taya juna murna. Na koma na duba tsofaffin takardunmu kafin in zauna rubutun nan. Fiye da rabin baƙin tsuntsayen da muke alfahari da su, ita ta fara ganinsu, kuma ko sau ɗaya sunanta bai fito ba.

Kowane Janairu mukan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa. Mu jeru a kan tudu da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, kowa da kofin gahawa, muna ƙirga abin da ya ga dama ya nuna mana kansa. Sai ta fito daga laka, ƙafafu baƙi ƙirin har gwiwa, ta ce, "Kun bar na bayan tsibirin ciyawa. Sun fi waɗannan yawa sau biyu." Mu zagaya mu tarar da su. Kowa a gaɓar nan ya ga tana yanke tsohuwar raga da laujenta don ta saki tsuntsun da ya maƙale. Tabon da ke babban yatsanta na dama, wani tsuntsu mai nutso ne ya saka mata da shi bayan ta cece shi, kuma har yau in ta nuna tabon dariya take, ta ce, "Ɗan butulci, ko waiwaye bai yi ba."

Shugabanmu, Dakta Shadli, likitan haƙori ne, mai kyamarar da hancinta ya kai taɓarya tsawo. Wata shekara ya biyo wata agwagwa cikin laka, ruwa ya juyo, ya nutse har cinya. Khalti da aminiyarta Rabha su suka iso gare shi. Rabha ba ta gajiya da ba da labarin. "Muna cewa miƙo hannu, shi kuwa ya ɗaga abin nan sama yana ihu, 'Kyamarar! Ku fara karɓar kyamarar!' Na ce wa Dahabiya, 'yar'uwa, mu karɓi abin da ya ce, mu bar shi." Ba su bar shi ba. Khalti ta kwanta rub da ciki a laka, ya kama mayafinta, suka jawo shi. Takalmansa na can har yanzu.

Ke ce idon gaɓar nan, Khalti. Ke ce kika san ranar da masu dogon wuya ke isowa, kika san iskar da ke kawo baƙo. Mu muna da littattafai masu hotuna, ke kina da shekara arba'in a cikin ruwan. Da muna da kunya, da a gabanki muka zauna da biro.

To, ga abin da muka yi mata.

Ƙungiyarmu tana da ƙa'ida. Tsuntsun da ba a saba gani ba, ba ya shiga babban kundinmu sai da hoto, ko kuma ɗan ƙungiya ya gan shi da idonsa ya cika takarda da Faransanci, gashi bayan gashi, kowanne da sunansa. Mu biyar muke zama mu tantance. Ƙa'idar ba ta da laifi a kan takarda. Sai dai wadda ta fi kowa gani ba ta da kyamara, ba ta cikin ƙungiya, kuma ba ta taɓa zama a aji ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, cikin Janairu, ta kira ba ranar Litinin ba.

"Si Munji, yau baƙo muka yi. Fari ne tas, bayansa da bakin fiffikensa baƙi. Ƙafafu dogaye masu ruwan toka, kai ƙato. Bakinsa kuwa baƙi ne mai kauri, sai ka ce turken akuya. Kuma ba ya tonon laka kamar sauran. Laɓewa yake yi, ya zabura, ya cafke ƙaguwa, ya yi ta buga ta da ƙasa har ta fashe, sannan ya ci."

Nan take na gane shi. Tsuntsun ƙaguwa ne, ɗan gaɓar Bahar Maliya, wanda bai taɓa shiga kundinmu ba. Ta siffanta shi tun daga kai har ƙafa, fiye da yadda ni zan iya da littafi a buɗe. Amma makon jarrabawa ne, ban samu zuwa ba sai bayan kwana biyu. Na tarar ya tashi.

Muka zauna a falon Dakta, da shayi da alawar almon. Na karanta musu abin da ta faɗa, kalma bayan kalma. Dakta ya ajiye kofi ya ce, "Mai basilla ta gani." Mai basilla tsuntsu ne fari da baƙi, gaɓarmu cike take da shi, bakinsa siriri ne ya lanƙwashe sama. "Mace ta yi awa biyar a sunkuye, ta ɗago kai jini ya sauko mata, ai ko raƙumi mai fiffike za ta gani." Aka yi dariya. Ni ma na murmusa, Allah ya gani. Na ɗauki jan biro na rubuta a kundi da hannuna: "Ba a tabbatar ba. Mai yiwuwa mai basilla ne." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma na ji tsoron a ce malamin makaranta ya biye wa mai tonon ƙumba. Tir da wannan murmushin.

Na same ta a gaɓa tana wanke ƙafa, na gaya mata.

"Mai basilla?" Ta tsaya da zuba ruwan. "Ɗan nan, tun kafin a yi maka kaciya nake ganin mai basilla. Da wannan tsinken bakin nasa zai fasa ƙaguwa?"

"Ƙa'ida ce, Khalti."

"Ban tambaye ka ƙa'ida ba. Kai, ka yarda na gani?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ta jima tana dubana, sannan ta ce, "To, na ji." Ta ɗauki bokitinta ta hau mota.

Da abin ya tsaya a kundi, da sauƙi. Sai ya zama abin barkwancinmu. Duk wanda ya ɗauki leda mai kaɗawa a iska a matsayin zalɓe, sai mu ce, "Ya ga baƙon Khalti." Direban akori-kura ya ji a bakinmu, ya kai ƙauye. Matar da in mata biyu suka yi jayayya a kan wa ta fara isa wuri ita ake tambaya, in ta yanke magana ta yanku, sai ga shi ana ce mata Khalti Mai Baƙo. Ta ce gobe za a yi iska, wani ɗan banza a shagon shayi ya amsa, "Ko dai irin baƙon ne?" Mu da muka yi karatu, muka ƙwace wa mace abu ɗayan da ta mallaka a garinsu, wato maganarta, muka koma Safakis muka yi barcinmu. Kun san abin da ta yi Litinin ta gaba? Ta kira. "Si Munji, kana da biro?" Ta ba ni agwagi iri huɗu, na sa sunan wani a kai.

Shekara huɗu da suka wuce gwiwoyinta suka gaza. Likita ya ce in ta ci gaba da shiga ruwan sanyi, nan gaba sai an ɗauke ta. 'Yarta da ke aure a Gabis ta gyara mata ɗaki, ta yi roƙo, ta yi kuka. Khalti ta sassaƙa sanda daga reshen zaitun ta koma laka. Mu kuwa muna yaba mata, wai ƙarfin hali, wai matan da. Rabha ce ta tare ni wata rana ta wanke ni tas.

"Si Munji, kai malami ne, amma wallahi kanka ba ya ja. Ka ɗauka ƙumba take nema? Abin da take samu yanzu ko rabin bokiti bai kai ba. Jiransa take yi. Ta ce ba za ta je ta zauna a ɗakin 'yarta a matsayin maƙaryaciya ba. Ku kuka sa ta a ruwan nan, kai da jan bironka."

Na sani tun ranar, kuma duk da haka ban buɗe kundin ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani, don ku gane abin da ya biyo baya. Hunturu uku da suka wuce Khalti ta ba mu labarin wata baƙuwar tsuntsuwar teku. Kafin azahar wani ya sa a dandalin wayarmu, da taswira da komai. Washegari motoci sun fi talatin a gaɓar Marsa Tarfa, har daga babban birni. Wani ya zo da babur mai ƙafa huɗu ya yi ta kewaya laka, wani ya tashi ɗan jirginsa mai ɗaukar hoto a kan garken. Kafin la'asar tsuntsuwar ta bar ƙasar gaba ɗaya, wurin tonon matan kuma ya koma kamar an yi huɗa. Sai hukuma ta ji labari, ta ce lallai a kare tsuntsaye, ta rufe wannan yanki mako shida. Aka hana wa shiga? Matan! Waɗanda suka shekara arba'in suna sunkuye tsakanin tsuntsayen nan ba su tayar da ko ɗaya ba. Masu motoci sun koma gida da hotunansu, gidaje ashirin a ƙauye suka yi mako shida a kan burodi da man zaitun. Ba mu je mun ba da haƙuri ba.

Sai bana. Ranar Alhamis, goma sha biyu ga Disamba, wayata ta yi ƙara.

"Si Munji, kana da biro?"

"Ina da shi, Khalti."

"Ajiye shi. Ka zo gobe, kai kaɗai. Da hantsi ruwa zai janye."

Tafiyar da take yi a awa ɗaya, ranar mun yi ta a awa biyu. Tana dogara sanda, tana tsayawa, tana cije leɓe, ni na riƙe mata bokiti, Rabha na gefe. Ba ta yarda na kama mata hannu ba. Muka zagaya bayan tsibirin ciyawa, ta tsaya, ta nuna da haɓa.

Yana tsaye shi kaɗai a bakin wani ɗan kududdufi, bai fi taku hamsin ba. Fari tas. Kai ƙato. Ƙafafu masu ruwan toka. Ina kallo ya sunkuyar da wuya, ya laɓe, ya zabura, ya ɗago da ƙaguwa a wannan baki mai kauri, ya buga ta da ƙasa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ina jin ƙarar fashewar daga inda nake. Na ɗauki hoto ya fi ɗari. Ko shi ne na wancan karon, ko ɗan'uwansa ne, Allah ne masani. Da na sauke kyamara sai na ga ashe ita ba tsuntsun take kallo ba, fuskata take kallo.

"Mai basilla ne?"

"A'a, Khalti."

"Ɗaga murya, iska na kaɗawa."

"Ba mai basilla ba ne, Khalti. Shi ne. Yadda kika faɗa, haka yake."

Rabha ta rangaɗa guɗa, Khalti ta toshe mata baki da tafin hannu, "Ke, za ki tashe shi!" Ni kuwa tuni na ciro waya. Hannuna ya kai kan dandalin ke nan na ji sanyin bayan lauje a wuyan hannuna.

"Wa za ka kira?"

"Kowa! Dakta, da su duka. Su zo su gani da idonsu, su ji kunya. Yau sunanki zai wanku, Khalti!"

"Su zo da motocinsu? Da wannan ƙudan nasu mai tashi sama?" Ta girgiza kai. "Ya yi doguwar tafiya, ka bar shi ya ci ƙaguwarsa. Matan nan kuma suna da bakunan ciyarwa, ba za a sake rufe mana gaɓa saboda ni ba. Shekara goma sha ɗaya na jira, wata uku ba zai kashe ni ba. Ka rantse ba za ka nuna wa kowa ba sai ya tafi don kansa."

Na rantse, a tsaye cikin laka har ƙauri. A hanyar dawowa ta gaya wa Rabha cewa wannan ne hunturunta na ƙarshe a laka. Amma kullum sai ta fita, don ta tabbata yana nan lafiya. Mata ashirin da wani abu suna ganin tsuntsun nan kowace rana har wata uku, babu wadda ta furta ko ga mijinta. Direban akori-kura, mai bakin nan, har yau bai san an yi ba sai in ya karanta wannan. Ku gwada ba mu, 'yan ƙungiya, sirrin tsuntsu na minti goma ku gani.

Ranar ƙidayar Janairu ita ce ranar da ba zan manta ba. Ƙungiya ta ji Khalti za ta ajiye aiki, sai aka ce a karrama ta. Aka dafa kuskus da kifi a zauren taron ƙauye, aka zaunar da ita a gaba, matan suka jeru a baya. Dakta Shadli ya miƙe ya yi jawabi, ya yabi haƙurinta, ya yafa mata sabon mayafi. Sannan ya ciro wani abu a naɗe, yana ƙunshe dariya. Hoto ne cikin gilashi, shi ya ɗauka da kansa. Hoton mai basilla.

"Ga baƙonki, Khalti," in ji shi. "Ki rataye a ɗaki, kada ki sake neman shi a laka."

Zauren ya ɗauki dariya. Haba! Matar da ta kwanta a laka ta jawo ka da mayafinta! Hoton gaskiya na cikin aljihuna, tsuntsun kansa yana bayan tagar nan, tafiyar awa ɗaya, yana fasa ƙaguwa. Na yunƙura zan miƙe, Rabha ta miƙo ƙafa daga baya ta taka mini yatsu har na ga taurari. Khalti ta karɓi hoton da hannu biyu, ta duba shi da kyau.

"Na gode, Si Shadli. Hoton ya fita. Wannan kam mai basilla ne, na san shi." Ta kife shi a cinyarta ta ci gaba da cin kifinta.

Ke ce kika haɗiye wannan, Khalti, alhali kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta kifar da zauren. Ni da na san tsuntsaye ɗari uku da sunayensu na Latin, ranar na gane ban san komai ba a kan kula da ko guda ɗaya.

Tara ga Maris ta kira. "Ya tafi. Ɗauko bironka."

Na kira zaman gaggawa, na baje hotunan a teburin Dakta. Ya jima yana kallo, fuskarsa ta sauya. Kun san kalmar farko da ta fito daga bakinsa? "Me ya sa ba a kira mu ba?" Wannan ce ta'aziyyarsa. Daga nan aka koma ƙa'ida. Na bana an karɓa, amma da sunan wanda ya ɗauki hoto, wato ni. Na wancan karon kuwa yana nan yadda yake, wai hoton bana ba ya tabbatar da ganin shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ina dalili! Mace ta siffanta tsuntsun da ba ta taɓa gani a littafi ba, har yadda yake cin abinci, ta nuna wurin, ta jira shi da gwiwoyin da suka mutu, ya dawo ya tsaya a wurin, sannan a ce ba a tabbatar ba? Me kuma ake so, ya zo ya sa hannu? Na rufe kundin, na sa shi a hammata, na fita ban yi sallama ba.

Na same ta a tsakar gida ƙarƙashin itacen ɓaure, ta miƙe ƙafafu, an shafe gwiwoyin da man zaitun an ɗaure da tsumma. Rabha ta leƙa ta katanga ta kira matan, kafin in zauna tsakar gidan ta cika. Na buɗe kundin a shafin wancan Janairun, na nuna mata jan rubutun.

"Wannan ne?" Ta ɗora yatsa mai tabo a kai. "Ɗan wannan ne kawai? Na ɗauka ya fi haka girma."

Na ciro jan biro, na soke shi a gabansu, na rubuta sabo a ƙasa, na sa hannu. Ta ce in karanta. Na karanta. Ta ce in sake. Na sake. Babu wadda ta yi guɗa wannan karon. Khalti ta ce a miƙo mata laujenta, ta share shi da gefen zane, ta ba Rabha ta rataye a ƙusa. "A gaya wa 'yata ta aiko da mota," in ji ta. "Yanzu zan iya zama."

Ranar Asabar za a zauna a kaina, don na taɓa kundi ba da yawun kwamiti ba. Su zauna. In sun ga dama su karɓi kujerar sakataren, su nemo wanda zai riƙa kiransu duk Litinin.

Mun gode, Khalti Dahabiya. Mun gode da shekara goma sha tara da kika yi kina ba mu idonki kyauta. Ki yafe mana hunturu huɗun da kika yi cikin ruwan sanyi saboda layi ɗaya na jan biro, ko da yake gwiwoyinki ba za su dawo ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ji daɗin ɗakin nan na Gabis. Ku kuma 'yan'uwana masu kyamara, a kowace gaɓa akwai irinta, mai su, ko makiyayi, ko mai tonon ƙumba, wanda ya riga ku gani. Ku tambayi sunansa, ku rubuta shi. In kun ga baƙon tsuntsu, kafin yatsanku ya kai kan waya, ku yi koyi da ita, ku tambayi kanku wa zai ji jiki in motoci suka zo.

Ga takardar wannan mako, ita ce ta ƙarshe a hunturun bana, kuma layi ɗaya ne.

Tsuntsun ƙaguwa, guda ɗaya, bayan tsibirin ciyawa, Marsa Tarfa. Ya ci, ya ƙoshi, ya tafi don kansa. Wadda ta gani: Dahabiya 'yar Sasi. Sau biyu.